Makashin Dodo a Ƙasar da Daji Ya Ƙare

Duk wanda ya bar birnin Kano ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Gezawa ya shiga ƙasar Gabasawa har ya sauka a Zakirai, inda mazaunin ƙaramar hukumar yake, zai gama tafiyarsa ba tare da idonsa ya faɗa kan abin da magabata za su yarda su kira daji ba, domin gona ce ke bin gona, gero na bin dawa, dawa na bin gyaɗa da wake, kuma ba abin da ya rage a tsaye tsakaninsu sai kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo, waɗanda manoma suka bari da gangan saboda amfanin da suke samu a jikinsu. Ƙasa ce da aka nome tun kaka da kakanni, har ta kai ko zomo sai ya yi dabara kafin ya sami maɓoya. Duk da haka da wuya a sami yaron da ya tashi a wannan yanki bai san sunan Dodo ba, ko bai ji labarin wanda ya kashe shi ba. Kuma tarihin wannan makashi, yadda ya fito daga bakin daji ya shiga bakin tsofaffi, daga nan ya shiga takarda, shi ne abin da nake nufin in bi sawunsa.

Dalilin da ya sa na ɗauko maganar kuwa shi ne wani nau'in littafi da ya cika duniya a wannan zamani, har yana isowa wayoyin samarinmu ta intanet, wato littafin da ake ba da hikaya a cikinsa da zane, hoto na bin hoto, magana kaɗan a bakin waɗanda aka zana. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai The Witcher, wanda wani marubuci na ƙasar Polan mai suna Andrzej Sapkowski ya fara fitar da labarinsa a wata mujalla ta ƙasarsu a shekarar 1986, sa'an nan aka zana shi a can Polan tsakanin 1993 da 1995, aka mayar da shi wasan kwamfuta a 2007, kana kamfanin Dark Horse na Amurka ya shiga buga sababbin littattafansa na zane tun daga 2014. Jarumin labarin, Geralt, mutum ne da aka hora tun yana yaro, aka shayar da shi magunguna har halittarsa ta sauya, yana yawo gari gari da takubba biyu, ɗaya na ƙarfe ɗaya na azurfa, yana kashe dodanni a biya shi lada, alhali mutanen da yake kuɓutarwa suna ƙyamarsa suna tsoronsa. Saurayin da ya ga wannan ya ƙayatu yana da uzuri, gama an kyautata aikin ƙwarai. Amma in ya zaci baƙon abu ne ga Bahaushe, to lalle bai sami mai ba shi tarihin gidansu ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, da mafarauta ya buɗe tun kafin ya ambaci sarauta. Ya siffanta zuriyar Dala, wadda shugaban mutanen wurin, Barbushe, ya fito daga cikinta, da girman jiki da ƙarfin da har ana kashe giwa da sanda a ɗauko ta a ka, ya kuma nuna cewa Barbushe shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, abin bautarsu, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku a shekara. Ko da yake mai hankali ba zai ɗauki zancen giwa a ka a matsayin hakika ba, abin da marubucin ya adana mana gaskiya ne, wato a farkon al'amari ragamar jama'a tana hannun wanda ya iya fuskantar abin da suke tsoro, na fili da na ɓoye.

A Daura ne dai wannan ma'ana ta fito sarari, ta zama tushen labarin Hausa Bakwai baki ɗaya. Ruwayar ta ce baƙo ne ya iso gari da dare, wato Bayajida, ya sauka gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa aka ce masa babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙon ya karɓi guga ya tafi shi kaɗai, macijin ya taso masa, ya sare kansa ya ɓoye, ya ɗebo ruwansa ya koma masauki bai gaya wa kowa ba. Da gari ya waye aka ga abin da ya faru, sarauniya Daurama ta yi alkawarin lada mai girma, sai masu da'awa suka yi yawa, kowa na cewa shi ne, har aka nemi hujja, ba a kuwa same ta wurin kowa ba sai wurin baƙon da ya fito da kan macijin. Rijiyar tana nan a Daura har yau ana zuwa ganinta. Irin wannan gini ne kuma muke samu a tatsuniyar Ɗan Auta, wadda kakanni mata suka riƙa ba jikoki da dare bayan an ci tuwo, inda Dodo ke zagaya gari yana ruri kowa ya kulle ƙofa, sai ƙaramin yaro ya gasa duwatsu ya jefa masa a baki, ya yanke wutsiyarsa, ya bar takalmansa a wurin, har sarki ya sa aka yi ta gwada takalman a ƙafafun mutanen gari kafin a gane mai aikin.

Abu biyu ne suka tsaya mini a waɗannan ruwayoyi. Na farko, makashin dodon Bahaushe yana kisa ne domin ya buɗe wa jama'a abin da aka tsare musu, ruwan sha a Daura, barcin dare a garin Ɗan Auta, kuma sakamakonsa shi ne a jawo shi cikin gari a ba shi aure da matsayi, saɓanin Geralt da ake ƙirga masa kuɗinsa a ƙofar gari a sallame shi. Na biyu, labaran sun san halin ɗan Adam sarai, sun san cewa da zarar dodo ya faɗi jarumai za su yawaita, saboda haka suka sharɗanta shaida, kai ko wutsiya ko takalmi. Wannan ɗabi'a ta neman bayyina kafin a yanke hukunci, wadda alƙalai suka koya a littattafan fiƙihu, yaran ƙauye sun fara jin ta ne a tatsuniya.

To amma labaran nan suna da mutumin da aka gina su a kansa, wato maharbi, wanda sana'arsa tsohuwa ce kamar noma da ƙira, kuma gado ce da ɗa ke karɓa daga uba. Ya kamata a bambanta shi da 'yan farautar gayya, waɗanda samari ne da ke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari, 'yan tauri na gwada wuƙa a jikinsu, sau da yawa kuma a tashi da rigima a kan wanda ya fara bugun nama. Maharbi na ainihi shi kaɗai yake shiga daji, ko shi da ɗansa, da kwari da baka da kibau waɗanda aka shafa wa dafin da ake dafawa da 'ya'yan kwankwani a ɓoye, daga baya kuma bindigar toka ta shigo hannunsa. Yana sanye da walki da riga mai ɗauke da layu, ga guru a ƙugu, ga kambu a damtse, yana kwana a kan itace ko a bakin mashaya yana jiran abin da zai zo. A ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa suke, wanda shi ne ke raba musu rigima, shi ne kuma ake aika wa idan kura ta addabi garke ko wani mugun nama ya tare hanya. An yi imani cewa manyan namun daji, irin su giwa da ɓauna da gwanki, suna tare da iska, wanda ya kashe su ba shiri yana iya haukacewa ko ya kamu da ciwon da ba a gane kansa, saboda haka rabin ilmin maharbi harbi ne, rabi kuwa sanin itatuwa da saiwoyi da turare, da sanin abin da ake harbi da abin da ake wucewa a yi masa sallama. Daga nan ne maharbi ya zama mai magani, mata na kai masa yaro mai firgita, ana girmama shi ana kuma ɗan ja da baya daga gare shi, domin wanda ya saba kwana inda mutanen ɓoye suke ba a rasa yi masa zato. Akwai tatsuniyar ɓaunar da ta rikiɗa ta zama kyakkyawar mace ta auri maharbi domin ta tatsi asirinsa ta hallaka shi, ya yi ta faɗa mata har saura ɗaya, wannan ɗayan da ya ɓoye kuwa shi ya cece shi. Ban san wata hikaya ta duhu da aka zana a Turai da ta fi wannan tsoratarwa da hikima ba.

Da Musulunci ya kafu a Kano, tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, malamai ba su hana farauta ba, gama shari'a ta halatta ta da sharuɗɗa, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin da ya yi bayanin ambaton sunan Allah yayin sakin kibiya ko kare. Ba su kuma musanta samuwar aljanu ba, tun da Alƙur'ani ya tabbatar da su, har akwai sura da sunansu, ga kuma ifiritun da ke cikin ƙissar Annabi Sulaimanu. Abin da suka yaƙa shi ne yanka wa itace da dutse da neman taimakon wanin Allah, kuma a kan wannan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta. Sakamakon haka sai labarin ya sake tufa: dodon Maguzawa ya sami abokai daga littattafan Larabci, ifiritai da maridai da gulaye, waɗanda suka shigo ta Alfu Laila da hikayoyin Antaru da Saifu ɗan Ziyazanu da yaƙin Sayyidina Ali da Ra'asul Guli, makamin jarumi kuma ya koma addu'a da Ismul A'azam tare da takobi. Almajirai da fatake su suka ɗauki waɗannan hikayoyi daga zaurukan malaman birni zuwa tsangayun ƙauye, inda ake ba da su a bakin wuta bayan an ajiye alluna.

Shi kuwa dajin da ya haifi wannan duka ya daɗe yana ja da baya a kewayen Kano, domin tun kafin Turawa ƙasar cike take da mutane. Amma isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da cinikin gyaɗar da ya biyo baya, da layin dogon da aka ja ta wannan yanki zuwa Nguru aka gama a 1930, su suka cinye ragowar saura da kurmi, kowa ya sare abin da ke kusa da shi ya shuka gyaɗa domin ya biya haraji ya sami na sutura. Lokacin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya fitar da bincikensa a kan kewayen Kano a 1965, abin da ya tarar gonaki ne da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinsu da takin da jakuna ke ɗaukowa a mangala. A irin wannan ƙasa ba abin da ya rage wa mai baka sai gafiya da kurege da bushiya da damo da makwarwa, ga kuma dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da ta taƙaita abin da ake harbi. Daga nan sai maharbi da labarinsa suka raba hanya.

Maharbin ya zama matafiyi, yana bin nama zuwa wajen Falgore a kudancin Kano, ko ya zarce har kurmin kudancin Nijeriya ya yi watanni. Wani lokaci kuma jama'a kan tuna da tsohon aikinsa na tsare gari, kamar yadda aka gani a Adamawa a ƙarshen 2014, sa'ad da maharba suka taimaka wajen ƙwato garuruwa daga hannun Boko Haram. Wani lokacin kuwa baƙuntarsa da makaminsa su ke jawo masa zato, kuma ba za a manta da abin da ya auku a Uromi ta Jihar Edo ba a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Kano da ke hanyar komowa gida hutun Salla, aka zarge su da satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Allah Ya jiƙan su. Al'ummar da tatsuniyarta ke neman shaida kafin a ba da lada ita ta fi kowa sanin zafin hukuncin da aka yanke ba shaida.

Labarin kuwa takarda ya shiga. Bature Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa da ajami cikin littattafai 3 tsakanin 1911 da 1913, daga baya kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970. Amma babban mataki shi ne gasar rubuta ƙagaggun labarai da Bature Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu kuma, da aka ce wa malamai su ƙaga labari da boko, ƙasashen aljanu suka nufa da jarumansu, domin can ne zuciyar mai ba da labari ta saba zuwa. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, gama asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, Ilya Muromets, gurgun da ya warke ya zama barden sarkin Kiev, marubucin ya mayar da sarkin Waldima, birnin kuma Kib, ya sa wa labarin imani da ɗabi'un Musulmi har yaran firamare na Arewa suka karanta shi ba su ji baƙuntarsa ba. Wato shekaru 35 kafin a haifi Geralt a Polan, Bahaushe ya riga ya ɗauko jarumi daga maƙwabtan wannan ƙasa ya yi masa rawani. Wannan ya ishe mu hujja cewa aro ba aibi ba ne ga wanda yake da abin da zai zuba aron a ciki.

Da adabin kasuwar Kano ya taso daga tsakiyar shekarun 1980, mutane suka fi lura da littattafan soyayya, amma a gefensu wani reshe ya yi ƙarfi, wanda masu karatu ke kira littattafan yaƙi, kuma Abdul'aziz Sani Madakin Gini yana cikin waɗanda suka yi suna da shi. Littattafai ne ƙanana masu araha, kashi na bin kashi, cike da sadaukai da bokaye da matsafa da dodanni masu kawuna da yawa, ana kai su kasuwannin ƙauye, ana ba da haya, ɗaya ya ratsa hannu goma kafin bangonsa ya yage; yanzu kuma ana karanta su da murya a ɗora a YouTube ko a tura ta WhatsApp, manomi na saurara yana aikinsa. Ina da ƙorafi ɗaya a kansu, kuma ina faɗarsa ne da ƙauna: da yawansu sun kai labarinsu birane masu sunayen Larabawa da Farisawa, sun bar maharbi da walkinsa da karensa a bakin ƙofa, alhali shi ne mai gidan.

Saura zane, kuma nan ne tafiyar ta yi sanyi. Sanannen abu ne cewa malamai sun yi magana a kan suranta mai rai, akwai hadisai masu tsoratarwa, akwai kuma saɓanin fahimta game da abin da ba shi da inuwa da abin da aka yi domin koyarwa, wannan kuwa mas'ala ce da ya kamata mai niyyar aikin ya kai wa malaminsa. Saboda wannan taka tsantsan gwanintar hannun Bahaushe ta fi zuba a zayyanar allo ta mai saukar karatu, da hatimi, da adon gini, da aska takwas a ƙirjin riga. Duk da haka hoto bai taɓa yankewa daga littafin boko ba, tun daga zane-zanen da ke cikin Magana Jari Ce, zuwa bangon littattafan yaƙi inda ake ganin sadauki da takobi gaban dodo, zuwa zaki da mikiya da ake zanawa a jikin manyan motoci. Abin da bai yawaita ba shi ne a ɗauki hikaya sukutum a ba da ita da zane cikin harshen Hausa, kuma tsadar bugu mai launi tana da hannu a wannan, gama littafin da ake sayar wa ɗan ƙauye dole ya yi araha. Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da Malika a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan Amina ta Zazzau, kuma tun 2021 kamfanin Dark Horse ɗin nan da ke buga Geralt shi ke buga littattafansa. Aiki ne abin yabo, sai dai da Turanci yake, yarinyar Zakirai da ta iya karatun Hausa kaɗai ba ta da rabo a ciki.

Yanzu da waya ta rage wahalar takarda da tawada, uzurin tsada ya ragu ƙwarai. Masu zane suna nan a Kano, su ne ke rubuta allunan shaguna da bangon littattafai da jikin motoci. Marubutan littattafan yaƙi suna nan da masu karatunsu. Tsofaffin maharba kuma suna nan a ƙauyukan Gabasawa da Gezawa da Minjibir, waɗanda za su iya nuna wa mai zane yadda ake jera layu a rigar farauta, da yadda ake riƙe baka, da irin itacen da ba a kwana a ƙarƙashinsa. A 1933 mutum ɗaya ne, wato Rupert East, ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada rubuta ƙagaggen labari, littattafai 5 suka fito daga wannan zagaye. Abin da ake jira a Kano yau shi ne mai buga littafi da zai zaunar da marubuci da mai zane da Sarkin Baka a zaure ɗaya, su fara da rijiyar Kusugu ko da ɓaunar da ta auri maharbi.